Wasiƙar godiya ga ma'aikatan Lambun Hamma na birnin Alje

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Lambun Hamma, wanda aka fi sani da Jardin d'Essai, a birnin Alje na ƙasar Aljeriya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da itatuwanku.

Ko na faɗi sunana ba wanda zai tuna maku, don haka na bar shi. Amma wataƙila a cikinku akwai mai tuna wani tsoho mai babbar riga da sanda, wanda ya zauna ƙarƙashin babban iccen nan mai saiwoyi na zubowa daga sama tun da hantsi har aka kira azahar, yana ta jero tambayoyi kamar ɗan lakkol. To ni ne. Daga Maraɗi nake, a Jamhuriyar Nijar. Na rubuta da Hausa domin da ita nake iya godiya har ta kai inda nake so, ɗiyata kuma ta yi alkawarin juya maku ita da Faransanci. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, ga nawa tukwicin, kuma ina so mutanen garinmu su zama shaida.

Sana'ata renon itatuwa. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina cika leda da ƙasa da taki a gefen Gulbi, ina saida dashen mangwaro da gwaiba da lemu da bedi da zogala. Ɗiyata ce ke karatu a ƙasarku, na je ganinta: wuni guda a mota daga Maraɗi zuwa Yamai, kilomita sama da 600, sannan jirgi. Ta tsara mani wuraren da za ta kai ni, masallatai da kasuwanni da tsohon gari na Kasba. Lambunku ta sa shi na ƙarshe, wai don in huta. Da na ga wurin sai na ce mata, “Ke ɗiyar mai dashe ce kuwa? Ai da nan ya kamata mu fara.”

Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka shiga, tashar ma sunan lambun gare ta. Saurayin da ke bakin ƙofa ya dubi sandata, ya dubi yadda nake jan ƙafar hagu, bai jira na roƙa ba ya nuna wa ɗiyata hanyar da ba ta da matakala, ya gaya mata inda bencina suke a inuwa. Ya kira ni “ammi”, ta ce mani baffa ke nan da Larabcinsu. Shi ne na fara gode wa.

Abin da ya fara tsaida ni alluna ne. Icce da allonsa: ga sunansa na ilimi, ga danginsa, ga ƙasar da ya fito. Mai yawon buɗe ido zai wuce su ya ɗauki hotonsa ya yi gaba. Ni kuwa kunya ce ta kama ni. Sau nawa mutum ya zo wurina ya ce wane irin mangwaro ne wannan, na ce masa “mai kyau ne, Alhaji, ɗauki”? Na san uwar da na yanko reshen, na san shekarar da na yi masu aure, wato na haɗa reshen a jikin wani dashe, amma duk a kaina suke, ranar da na kwanta dama sun tafi tare da ni. Ku kuwa akwai layin itatuwan da ake kira jinin dodo, 'yan asalin tsibiran Kanari, masu fitar da jan ƙaro idan aka ji masu rauni, an dasa su tun 1847 kuma har gobe an san su wane ne. Kakan kakana bai san da su ba, amma ni na tsaya a inuwarsu na karanta sunansu. Ga dogayen itatuwa dangin giginya daga Amurka, sun jeru a miƙe kamar sojoji har ido ya sauka kan teku. Ga layin gora, ta haɗe sama ta yi rumfa, iska na kaɗa ta tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Sashen da aka tsara irin na Faransawa komai a miƙe yake, da tafkuna a tsakiya. Na Ingilishi ya fi kwanta mani, hanyoyinsa na karkacewa kamar na daji, kuma can na tarar da iccen da na ambata.

Ɗan Ostareliya ne, in ji allonsa, amma da na tsinki busasshen ganye a ƙasa na duba 'ya'yansa, na ce wannan ai ɗan'uwan gamji da ceɗiya da durumi ne. Wani ma'aikacinku, dattijo kusan tsarana, yana ban ruwa kusa da wurin. Ya ji ina gardama da ɗiyata, ya ajiye tiyo ya matso. Faransancina na lakkol ya daɗe da tsatsa, Hausa kuwa ba ya jin ko “zo ka kashe”, amma masu dashe biyu ba sa rasa abin faɗi. Ya tabbatar mani dangin ɓaure ne gaba ɗaya. Ya nuna mani yadda suke feƙe ɓawon reshe su ɗaure shi da danshi har ya fitar da saiwa tun yana jikin uwarsa, sannan a yanke a dasa. Na san dabarar, ina yi wa gwaiba, sai dai ɗaurinsa ya fi nawa tsabta, kuma na lura da tsawon da yake feƙewa. Ya kama hannuna ya juya tafin, ya ga kanta, ya buɗe nasa ya yi dariya.

Ya tambaye ni itatuwan ƙasarmu. Na ba shi labarin gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya yi kore shar da rani lokacin da bisashe ke neman abin ci. Na gaya masa yadda a lokacin farin shekarun 1970 da 1980 aka yi ta dasa itatuwa a wajenmu suna mutuwa, har a 1983 Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki da ransu, saiwarsu na nan ƙasa. Manoma suka koma barin tsiro biyu ko uku mafi ƙarfi a kowane kututture suna sassabe sauran. Shi muke kira sassabin zamani, kuma da shi kalgo da sabara da gawo suka dawo gonakin Maraɗi da Damagaram. Dattijon ya sa ɗiyata ta rubuta masa kalmar a takarda. Ya ce Ostareliya ta aiko masu icce, mu ta aiko mana mutum.

Yanzu ga babban dalilin wasiƙar nan, kuma abin kunyata ne. Tun da na shigo nake tsintar iri. Wanda ya san mai dashe ya san aljihunsa ba ya rabo da ƙwaya. Kafin azahar aljihun rigata ya yi nauyi, har na kai ga roƙon dattijon ya yanko mani ɗan reshe guda in kai Maraɗi. Ya hana ni. Ba tsawa, ba kiran mai gadi, bai kuma kunyata ni gaban ɗiyata ba. Ya zaunar da ni ya ce lambun ba ya ba baƙi reshe ko iri, kuma tsiro ba ya ƙetare iyaka sai da takardar shaidar lafiyarsa, domin ƙwaro ko cutar da ido ba ya gani na iya bin reshe guda ta shiga gonakin ƙasa gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa wani iccen a gidansu mai ladabi ne, in ya je baƙon wuri sai ya fi ƙarfin masu gida. Wannan ban buƙaci a fassara mani ba. Bedi daga Indiya ya zo mana ya zama alheri, yau inuwar titunan Maraɗi kusan duk tasa ce, amma na ga baƙon ciyayi da ya cinye makiyaya bisa ba ta ko sansanarsa. Na zazzage aljihuna a gindin iccen. Ɗiyata ta kau da kai, ta yi kamar tana duba waya. Allah ya yi mata albarka.

A lokacin na ji haushi, gaskiya ɗaya ce. Sai a jirgi na ga cewa da ni ne a matsayinsa, baƙo tsoho ya zo daga nesa ya roƙe ni, da na yanko masa don kunya. Shi ya riƙe amanar aikinsa kuma ya bar ni da mutuncina. Ku gaya masa na gode da hanin nan fiye da yadda zan gode da reshen.

Na san asalin wurin ba na daɗi ba ne. Faransawa suka kafa shi a 1832, shekara biyu da cin Alje, a kan fadama, don gwada irin da zai amfane su a ƙasashen da suka mamaye, shi ya sa ma ake ce masa lambun gwaji. Daga cikinsa in ka ɗaga kai kana hangen hasumiyar shahidai da aka gina a 1982 a kan tudu, mai siffar ganyen dabino uku. Da kuka kori masu mulkin ba ku huce haushi kan itatuwan ba. An gyara lambun aka sake buɗe shi a 2009, kuma ranar da na je cike yake da iyaye da yara da 'yan makaranta, 'yan ƙasa sun fi baƙi yawa nesa ba kusa ba. Gidan namun dajin da ke ciki ban shiga ba, ƙafa ta ƙi.

Ga 'yan Maraɗi masu zuwa Aljeriya, 'yan kasuwa da ɗalibai: in tafiya ta kai ku Alje, ku ware wa wurin nan wuni guda, ku je da safe, kuma ku bar aljihunku yadda kuka shiga da shi.

Da na dawo na sa yarana sun yanka tsofaffin gwangwanaye, muka rubuta sunan kowane dashe da uwarsa da watan da aka yi masa aure, muka soke a layi-layi. Maƙwabtana na sana'a suna ta yi mani ba'a, wai na je ƙasar Larabawa na dawo malamin lakkol. Kafin bikin dashen itatuwa na 3 ga Agusta ina so in gama da layin lemu, shi ne ya rage.

In Allah ya kawo ɗayanku Nijar, ya gangaro Maraɗi ya tambayi masu dashe na gefen Gulbi, zai gane rumfata da gwangwanayen. Akwai hura, akwai kilishi, kuma zan kai shi ya ga gawo da idonsa. Reshe dai ba zan ba shi ba.

Wassalam.

Naku, mai renon itatuwa,
Maraɗi.