Tukwanen Koriya: kowane yanki da hannunsa

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in yi magana a kan ginin tukwane da tangaran na ƙasar Koriya, wanda sau da yawa ake ɗauka reshe ne kawai na sana'ar Sin, alhali kuwa tarihi ya nuna cewa kowane yanki na ƙasar yana da hannunsa daban.

Gaskiya ne daga Sin maginan Koriya suka koyi toya tangaran mai shafen kore, amma a zamanin daular Goryeo, daga 918 zuwa 1392, maginan Gangjin da Buan da ke kudu maso yamma sun kai shi wani matsayi da har jakadan Sin, Xu Jing, wanda ya ziyarci ƙasar a 1123, ya yaba launinsa a rubuce. Su ne kuma suka ƙware a dabarar sanggam, inda ake sassaƙa zane a jikin tulu tun yumɓun bai gama bushewa ba, a cike gurbin da farar ƙasa ko jar ƙasa, a kankare, sannan a shafe a toya, sai gauraki da gizagizai su fito fari da baƙi a ƙarƙashin shafen.

Abin da ya fi jan hankalina, kuma nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba, shi ne buncheong, wato tukwanen yumɓu mai ruwan toka da ake shafa wa farar ƙasa, na ƙarni na 15 da na 16. Da hare-haren 'yan fashin teku suka addabi gaɓar kudu a ƙarshen Goryeo, magina suka watsu cikin ƙasa, kowa ya kama aiki da irin yumɓun da ya tarar, yana lulluɓe yumɓu mai ruwan toka da ruwan farar ƙasa. A yankin Gyeongsang an fi son buga ƙananan furanni da hatimi, jere a jere. A yankin Jeolla ana zana hoto da tsinke ko a kankare gefensa. A gindin dutsen Gyeryong kuwa, a yankin Chungcheong, ana zana kifi da ruwan tama cikin sauri da sakin hannu. A ganina babu lokacin da maginin Koriya ya samu 'yancin da ya kai wannan.

Sai dai wannan 'yanci bai daɗe ba. Wajen shekarun 1460 fadar Joseon, daular da ta gaji Goryeo, ta kafa matoyarta a Gwangju kusa da Seoul domin farin tangaran, wanda ya dace da sauƙin rayuwar da koyarwar Confucius, masanin falsafa na Sin, ke so, kuma saboda cin itacen wuta sai da aka riƙa ƙaurar da matoyar kusan duk shekara goma, har ta zauna wuri guda a 1752. Sha'awar masu hali ta koma can, buncheong ya fara ja da baya, sannan mamayar Japan ta 1592 zuwa 1598 ta rushe matoya da dama, aka kwashe magina zuwa Japan, inda suka kafa tushen tangaran na Arita da tukwanen Satsuma da Hagi.

Bambancin yankuna ya fi daɗewa a randunan onggi na ajiye kimchi, wato ganyen da aka tsima, da miyar waken soya, domin har yau maginan Jeolla da faffadan yumɓu suke ɗora bango maimakon naɗi, na tsibirin Jeju kuma suna toya nasu ba tare da shafe ba.

Na gode. Wassalam.

Mai karanta jaridarku a kullum