Amsa ga ƙanwata da ta tambaye ni ma'anar "lunatic"

Ƙanwata, assalamu alaikum.

Ranar taron ɗalibai kin miƙe a gaban mutane kin tambaye ni me ake nufi da "lunatic", daga ina ta samo asali, kuma ko za ki iya saka ta a takardar neman tallafi da kike rubuta wa yayanki mai jinyar taɓin hankali. Lokaci ya ƙure ban ba ki amsa yadda ya kamata ba, toh ga ta yanzu.

Ma'anarta dai mahaukaci. Amma tushenta wata ne, wannan watan na sama da muke dubawa in azumi ya matso. Da Latin sunansa "luna", daga nan aka samu "lunaticus" wato wanda wata ya buge, ta bi ta Faransanci ta shigo Turanci. Turawan zamanin da sun yarda cewa ciwon yana tashi yana kwanciya ne da tafiyar wata, har farfaɗiya ma a nan suke jefa ta, shi ya sa a fassarar Baibul ta Turanci ta 1611 wani yaro da aka ba da labarinsa yana faɗawa cikin wuta da ruwa aka kira shi da wannan kalmar, alhali fassarorin yanzu da yawa farfaɗiya suke cewa. Kuma gaskiya ba su kaɗai ba ne, ni da idona na ga kakata tana leƙa sama bayan magariba tana cewa a kula da kawu yau wata ya cika, a ɓoye wuƙaƙe, shi kuwa bawan Allah yana zaune a tabarma yana jinta bai ce uffan ba. Har yau in na tuna fuskarsa sai zuciyata ta karye.

Daga baya kalmar ta shige cikin doka, Ingila ta yi dokarta da wannan sunan a 1845, sai a 1930 ta daina kiran marasa lafiya da shi. Amurka ta goge ta daga dokokin tarayya a 2012, Obama ya sa hannu. Mu kuma a Najeriya dokar da muka gada daga Turawa mai ɗauke da sunan, ta 1958, ita muka yi ta ja har Janairun 2023 da Buhari ya rattaba hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Yau Bature in ya ce "lunatic" yawanci zagi yake yi, irin na direban da ya yanko masa hanya da gudu. Don Allah kar ki saka ta a takardar nan, yayanki ya iya karatu kuma wata rana zai gani. Ki rubuta cewa yana fama da rashin lafiyar ƙwaƙwalwa, ki sa sunan ciwon yadda likita ya faɗa miki, da kuɗin maganin wata guda.

Ki gaishe min da shi da Mama, Allah ya ba shi lafiya.

Ɗan'uwanki.