Littafin cocin ƙauyen Eyam da salsalar 'ya'yana

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa da fatan alheri, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka. Dan Allah ka ɗan ba ni fili, akwai abin da ya tsaya min a rai tun bara na ga gara in faɗe shi ko wani zai amfana.

Ni mazaunin Sheffield ne a Ingila, na daɗe a nan, maiɗakina 'yar ƙasar ce kuma Allah ya ba mu yara uku. Babbar aka ba su aiki a makaranta wai kowa ya rubuto salsalar gidansu, ta wajen uwa da ta wajen uba. Muka zauna da ita da daddare, na faɗa mata sunana da na Baba da na kakana, sai kuma mahaifin kakana wanda sunansa kawai muka sani da cewa bafatake ne ya zo da jakuna ya zauna, shi kenan, layi huɗu takarda ta ƙare. Matan kuwa daga kakata ban iya wucewa ba. Yarinyar nan ta dube ni ta ce Baba saura fa, wallahi sai da na ji wani abu a ƙirjina.

Da muka koma ɓangaren uwarta sai surukata ta ce ai su asalinsu mutanen Eyam ne, su suna faɗinsa kamar Im, wani ɗan ƙauye ne a cikin duwatsun Derbyshire, daga gidanmu bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba. Kuma fa ba wasu masu sarauta ba ne, talakawa ne tilis, masu haƙar dalma da leburorin gona. Na ɗauka nan ma layi huɗu za a yi a tsaya, ashe aiki ne ya same mu na wata da watanni.

Abin da ya sa ake samunsu shi ne tun 1538, zamanin Sarki Henry na takwas, wazirinsa Thomas Cromwell ya ba da umarni kowane limamin coci ya ajiye littafi ya riƙa rubuta duk wanda aka yi wa baftisma da duk auren da aka ɗaura da duk wanda aka binne, kowane mako, a kulle littafin a akwati. Da aka ga takarda na lalacewa sai wajen 1598 aka ce a koma rubutu a kan fata, kuma duk shekara a kwafa a aika wa bishop, wato babban limamin da ke kan cocin yankin, to wannan kwafin shi ya ceci ƙauyuka da yawa da nasu littafin ya ƙone ko ɓera ya ci ko ruwa ya jiƙa. Na Eyam da ya rage ya faro ne daga 1630. Kowane ƙauye da cocinsa da gonakin da ke kewaye shi suke kira farish, kuma in ba ka san farish ɗin kakanka ba to kamar ka je Kurmi neman mutum ne ba ka san layinsu ba.

Mu daga na kusa da zamaninmu muka faro muna komawa baya. Daga 1 ga Yulin 1837 gwamnati ce da kanta ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa, takardar haihuwar tana ɗauke da sunan uwa na gidan ubanta, wannan shi ne mabuɗin da ke buɗe ɓangaren mata. Jerin sunayen yana nan kyauta a intanet a FreeBMD, masu aikin sa kai ne suka zauna suka buga shi a kwamfuta. Sai ƙidaya, duk shekara goma suke yi tun 1801 amma wadda ta fara kawo sunan kowa da kowa ita ce ta 1841, ta 1851 kuma ta fi daɗi don ta faɗi wane ne maigida wace ce matarsa su waye 'ya'ya, shekarun kowa da sana'arsa da garin da aka haife shi. A nan muka ga gidan kakan kakan surukata, mutum tara a ɗan ƙaramin gida har da yaro ƙarami da aka rubuta yana aiki, surukata ta yi shiru ta daɗe tana kallon allon kwamfutar. Ta 1921 ita ce ta ƙarshe da aka buɗe wa jama'a a 2022, ta 1931 gobara ta cinye ta a 1942, a 1941 kuma ana yaƙin duniya ba a yi ba.

Da muka wuce 1837 baya sai littafin coci kaɗai. Muka tafi Matlock inda ma'ajiyar takardun tarihin Derbyshire take, ba a biyan ko kwabo a shiga, ka nuna shaidarka ka ajiye jaka da biro ka ɗauki fensir. Daga 1813 littafin a tsare yake da gurabe, akwai sana'ar uba da inda yake zaune. Na aure kuma tun 1754 aka ware shi daban, ango da amarya da shaidu biyu kowa sai ya sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya yi alamar kuros, kuma yawancin dangin maiɗakina kuros ɗin suka yi, mutanen da ko sunansu ba su iya rubutawa ba amma ga shi bayan shekara ɗari biyu da wani abu jikar jikarsu tana karanta ranar aurensu. In ka ƙara yin baya rubutun sai ya rikice, hannu irin na da ga ɗan Latin a ciki, sunan gida ɗaya a rubuta shi kala uku yadda limamin ya ji a kunnensa. Akwai kuma tarkon da ya kama mu, mun ga kamar an binne jariri kafin a haife shi, sai wata ma'aikaciya a wurin ta yi mana bayani cewa kafin 1752 sabuwar shekararsu 25 ga Maris take kamawa, don haka Janairu da Fabrairu ƙarshen shekara ne a lissafinsu.

Ba littafin coci kaɗai ba ne, akwai taswirar ushirin coci da aka zana bayan dokar 1836, kowace gona da lambarta da sunanta da mai ita da wanda ke nomanta. Akwai harajin murhu da aka karɓa daga 1662 zuwa 1689, sule biyu kowane murhu a shekara, da shi za ka gane wa ke da babban gida wa ke da ɗaki ɗaya. Wasiyya kafin 1858 kotun coci ke tabbatar da ita, ta mutanen Derbyshire Lichfield ake kaiwa, takardun yanzu suna Stafford, a ciki har tukwane da gado da saniya ake lissafawa. Amma abin da ya fi taɓa ni takardun masu kula da matalauta ne, don tun dokar 1662 kowane talaka yana da farish ɗin da nauyinsa ke kansa, in ya faɗa cikin talauci a wani gari sai a titsiye shi a tambaye shi inda aka haife shi da inda ya yi bara da wanda ya yi wa aiki, a rubuta duka sannan a mayar da shi can. Dokar ba ta da tausayi ko kaɗan, korar mutane ake yi da mata masu ciki, sai dai ita ce ta bar mana labarin rayuwar talaka daga bakinsa.

Eyam kuma ƙauye ne da littafinsa ke sa mutum kuka. A Satumbar 1665 aka kawo wa wani tela ƙunshin yadi daga Landan inda annoba ke ci, akwai ƙuma a ciki, mai taimaka masa George Viccars shi ya fara mutuwa. Da abin ya yi tsanani limamin cocin William Mompesson da wani tsohon limamin cocin Thomas Stanley suka shawo kan mutanen garin kada kowa ya fita don kada a kai wa maƙwabta, ana ajiye musu abinci a bakin iyaka su kuma su saka kuɗi a ramukan wani dutse da ruwan khal a ciki. Wata goma sha huɗu annobar ta yi tana ci, mutum wajen 260 suka rasu har da matar limamin, Catherine. Wata mata Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida a cikin kwana takwas a Agustan 1666, kaburburan suna nan a gefen gari na je na gani da idona. Ina tsaye a wurin hadisin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗo min, cewa in annoba ta sauka a ƙasa kuna cikinta kada ku fita, in kuna waje kada ku shiga. Kuma duk mutanen nan an san sunansu ɗaya bayan ɗaya da ranar da aka binne su, saboda ana cikin wannan masifa akwai mai rubutawa.

To Malam Edita nan ne abin ya dawo min gida. Mu fa ba baƙin alƙalami ba ne, muna da ajami da malamai a kowace unguwa tun kafin Bature ya zo, jerin sarakunanmu yana nan a rubuce da shekarun kowa, akwai takardu a Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna. Amma bafatake irin kakan Babana ba ya cikin ko ɗaya. Yunwar Kakalaba ta 1914 ta kashe mutane ba adadi, wa zai kawo maka sunan mutum goma daga ƙauye ɗaya? Baba shekarunsa da zuwan Sarauniya a 1956 yake lissafawa, Inna kuma ta ce an yi aurenta shekarar canjin kuɗi. Hukumar ƙidaya tana ba da takardar haihuwa kam, amma mutanen karkara nawa ne ke zuwa karɓa in ba makaranta ko fasfo ya tilasta ba.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Limamin da ke raɗa suna shi ke ɗaura aure shi ke sallar gawa, daidai abubuwa ukun da limamin Eyam ke rubutawa. A saya masa babban littafi mai bango mai ƙarfi, ya rubuta sunan jariri da na uba da na uwa da na mahaifinta, da kwanan wata na Musulunci da na Bature, da boko ko ajami duk wanda ya fi masa sauƙi, ƙarshen shekara wani yaro ya ɗauki hoton shafukan da waya a kai kwafi gidan dagaci ko hakimi. Ina roƙon masu martaba da kwamitocin masallatai da ke karanta jaridar nan su duba maganar, kai ma in da hali ka ware ɗan fili masu karatu su riƙa aiko da tarihin gidajensu.

Ni dai na riga na sayi littafi biyu, in Allah ya kai mu babbar Sallah zan zo gida da yarinyar, ɗaya na kai wa limamin unguwarmu ɗaya kuma mu zauna da Goggo, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu Baba kuma ita ta san sunayen matan gidan, ta yi ta faɗa jikarta na rubutawa.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naka mai karatu,
daga Sheffield, Ingila