Sanarwa kan guzurin tafiyarmu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tafiyarmu ta kwana a daji ta matso, kuma a cikinmu akwai waɗanda ba sa cin gulutin da madara. Gulutin yana cikin alkama da sha'ir, don haka burodi, taliya da biskit ba nasu ba ne. Mu riƙe shinkafa, dankali, dafaffen ƙwai, gyaɗa da kifin gwangwani.

Abin da ya fi damuna shi ne wajen girki. Ɓurɓushin burodi a cokali ya isa ya wahalar da mai cutar siliyak, wato cutar da gulutin ke yi wa hanjin mai ita lahani, don Allah a ware musu tukunya da wuƙa. In an tsaya sayayya a hanya, a karanta bayan leda: whey da casein duk daga madara suke.