A Duba Garin Magani Kafin Ya Shiga Leda

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan maganin gargajiya, wanda kusan babu gidan da ba a shan sa a birnin nan namu na Kano.

A da, in ka shiga Kasuwar Kurmi neman sabara ko sassaƙen maɗaci, abin da kansa ake miƙo maka. Ka juya ganyen sabara ka ga ɗige-ɗigen nan baƙaƙe a bayansa, ka ɗanɗana maɗaci ka ji ɗacin da ya ba shi suna. Tsohuwa 'yar mai ganye ba ta buƙatar kowa ya gaya mata. Yanzu inji ya shigo, komai an niƙe, an ƙulla a leda ko an ɗura a roba an manna takarda. Garin zogale kore ne, na darbejiya kore ne, na zaƙami mai haukatarwa shi ma kore ne. Wane ido ne zai raba su?

Na koyar da kimiyyar halittu a sakandare har na yi ritaya, kuma na san cewa niƙa ba ta shafe kamannin tsiro. Yawancin ganyaye suna da ƙofofin numfashi, da gashi, da wasu 'yan ƙananan duwatsu masu kama da gishiri a cikin ƙwayoyinsu, kuma tsarinsu ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro. A madubin likita, wato na'urar da ke ƙara girman abin da ido ba ya iya gani, filasko yana nuna gajeren gashi mai lanƙwasa da kaushi, kowace ƙofar numfashi tana tsakanin ƙwayoyi biyu da suka kwanta a gefenta. Zaƙami kuwa duwatsunsa a dunƙule suke kamar taurari, ga wani gashi mai kai a samansa. Wanda ya saba ba ya ɗaukar minti goma.

Bara na sayi garin citta a wani shago, na ji yajinta ya yi sanyi. Wani tsohon ɗalibina ya ɗora mini ɗan kaɗan a gilashi muka leƙa. Sitacin citta ƙwayarsa shimfiɗaɗɗiya ce mai ɗan tsini a gefe guda, sai ga wasu ƙwayoyin masu kusurwa birjik, irin na masara. Wannan algus ne na aljihu kawai, ba ya kisa. Amma abin da ya faru a Beljiyam a farkon shekarun 1990 ya isa ya tayar da hankali: wani asibitin rage ƙiba a Burussel ya riƙa bai wa mata haɗin maganin Sin, ashe an musanya saiwar da ake nufi da wata mai guba saboda sunayensu sun yi kama. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, wasu daga baya cutar kansa ta kama su. Mu nan da tsiro ɗaya yake da suna uku, wani sunan kuma tsirrai biyu ke amsa shi, ai mun fi su zama cikin haɗarin.

Ba sabon abu nake kawowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin tantance tsirran magani tun 1998, duba da madubi na cikinsu, Najeriya ma ta wallafa kundin tsirran maganinta a 2008. Jami'ar Bayero tana da tsangayar haɗa magunguna a nan cikin gari, ga ta Ahmadu Bello a Zariya. Ilimin yana nan, kasuwa ce bai isa ba.

Kada a ce na yi zuƙu: madubi ba ya gano komai. Ba zai faɗi ƙarfin magani ba, kuma in an narkar da ƙwayar bature an zuba a maganin maza, sai gwajin sinadarai, wanda aikin NAFDAC ne, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Sai dai shi madubi ba shi da tsada, akwai ma mai aiki da hasken rana, abin da ya dace da halin wutarmu.

Roƙona ga ƙungiyoyin masu maganin gargajiya da gwamnatin jiha shi ne a keɓe ɗan ɗaki ɗaya a Kurmi, a ajiye madubi da ma'aikaci ɗaya ƙwararre, da samfurin kowane tsiro da dattawan sana'ar suka tabbatar da hannunsu. Mai saro buhun gari ya kawo cokali ɗaya a gwada da samfurin kafin ya biya kuɗi. Ni kaina, in za a buɗe, zan riƙa zuwa kwana biyu a mako kyauta.

Naka,
Tsohon malamin kimiyya,
Gwammaja, Kano.