Tauraron ɗan Adam mai sassa: a fara lissafin wuta da zafi tukuna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta maƙalar da kuka buga kan taurarin ɗan Adam masu sassa, waɗanda ake harhaɗawa kamar bulo, da batun cewa nan ba da jimawa ba manyan rumbunan kwamfuta za su ƙaura sararin samaniya. Maganar sassa na yarda da ita. Ta ƙaura kuwa akwai gyara.

Mu 'yan Najeriya mun fi kowa sanin illar zuba komai a cikin tauraro guda. Tauraron sadarwarmu NigComSat-1, wanda aka harba daga Chaina a watan Mayun 2007, ya mutu a Nuwamban 2008, wata 18 kacal, saboda matsalar farantan sola da ke ba shi wuta. Da wuta ta ɗauke, duk na'urorin da ke cikinsa suka tashi a banza, aka jira har Disamban 2011 kafin a harba NigComSat-1R. Da aikin a rarrabe yake tsakanin ƙananan taurari da dama, mutuwar ɗaya ba za ta tsayar da komai ba.

Sai dai a gane cewa harhaɗawar a ƙasa ake yin ta. Ma'aunin CubeSat, wanda jami'o'i biyu na Kalifoniya suka fito da shi a 1999, akwati ne mai santimita 10 ta kowane ɓangare. Allon wuta daban, na rediyo daban, na kwamfuta daban, na daidaita fuskar tauraro daban, kuma dole su yi daidai a ƙarfin wuta da hanyar musayar bayanai, in ba haka ba aikin banza ne. Da irinsa Jami'ar Fasaha ta Akure da hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, suka yi tauraron Nigeria EduSat-1 a 2017. Amma cire lalataccen sashe a sama a sa sabo, har yanzu ba ruwan dare ba ne. Ko a 2020 da kumbon MEV-1 ya ceto tauraron sadarwa na Intelsat 901, maƙale masa ya yi ta baya yana tuƙa shi, bai buɗe cikinsa ba.

To ga inda gizo ke saƙa. Hasken rana a can yana kawo wat 1,361 a kan kowace murabba'in mita, faranti mai kyau kuma ya mayar da kusan kashi 30 cikin 100 wuta, wato wat 400. Tauraron da ke kilomita 550 daga ƙasa yana zagaye duniya cikin minti 95, kuma kusan sulusin lokacin a inuwa yake, batir ke riƙe shi. Duk wutar da kwamfuta ta ci, zafi take komawa. Mutane suna cewa ai can akwai sanyi. Ina amfanin sanyin da babu iska? Fanka ba ta aiki a wurin. Hanya ɗaya ce, a ja zafin ta bututu zuwa faffaɗan lagireto ya riƙa sakinsa sannu a hankali, kuma murabba'in mita ɗaya, ta fuska guda, da ƙyar take fitar da wat 400. Ke nan kabad ɗaya na kwamfutoci mai cin kilowat 10 zai buƙaci lagireto mai murabba'in mita 25 ko fiye, ban da farantai da batura. Rumbun bayanai kuwa ɗaruruwan irin wannan kabad ne.

Akwai kuma burbushin makamashi da ke ratsa ƙwaƙwalwar kwamfuta ya gurɓata bayanai, sifili ya koma ɗaya, musamman a saman kudancin Tekun Atilantika. Maganinsa a sa na'ura uku su yi lissafi guda a ɗauki amsar masu rinjaye, da ɗan mai gadi da zai kashe ya kunna in kwamfuta ta sandare. Kowanne ƙarin nauyi ne da ƙarin wuta.

Kwamfutar da ta dace da mu ƙarama ce, kuma aikinta tankaɗe. Tauraron ɗaukar hoto yana wucewa ta saman tashar Abuja 'yan lokuta ne a rana, kowanne kamar minti 10, a nan zai sauke abin da ya tara. A watan Agusta, wanda ya ɗauki hoton Filato daga sama gajimare zai fi samu. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta gwada a 2020 da tauraron PhiSat-1: ƙaramin guntun kwamfuta mai cin wuta kaɗan ya tantance hotuna tun a sama, ya ware masu gajimare. Da irin wannan, cibiyar nazarin hotunan tauraro da ke Jos za ta riƙa karɓar gonaki da ambaliya, ba farin allo ba.

Shekara 15 na aiki aka ƙiyasta wa NigComSat-1R. Idan hukuma ta zo da maganar magajinsa, don Allah wakilanku su tambaya: wat nawa zai samar, ta ina zafin zai fita, wane sashe ne in ya mutu sauran za su ci gaba da aiki, kuma sassa nawa injiniyoyinmu za su haɗa da hannunsu, kamar yadda suka yi tauraron NigeriaSat-X da aka harba a 2011.

Na gode.

Naku,
Wani injiniyan sadarwa,
Lugbe, Abuja