Tun lokacin korona maigidana bai dawo daidai ba

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya fama da jama'a. Daga Bauchi nake rubuto miki, dan Allah a sakaya sunana.

Maganar maigidana ce. Kafin korona achaɓa yake yi, mutum ne mai fara'a da son hira. To a 2020 gwamnati ta hana achaɓa, sai kuma ga mace-macen nan da aka yi ta yi a Azare cikin azumi har aka kulle garin a watan Mayu, a ciki Allah Ya yi wa mahaifinsa rasuwa, hanya a rufe bai samu jana'iza ba, a waya kawai ƙaninsa ya ce masa an kai Baba.

Wallahi Anti tun daga nan ba shi ba ne. Yanzu Keke Napep yake ja, abinci bai gagare mu ba alhamdulillah, amma barci sai ɓarawo, cikin dare sai in farka in gan shi zaune bakin katifa ya zuba tagumi, in na yi magana ya ce ba komai. Ko tari yaro ya yi sai ka ga hankalinsa ya tashi, jikinsa na rawa, ya ce ƙirjinsa ya riƙe. An auna shi a asibiti an ce ba hawan jini ba ne. Ya daina zuwa majalisa, gidan rasuwa kuwa ko na maƙoci ne ba ya iya shiga, har mutane sun fara cewa girman kai ne, abin nan na ƙona min rai don ni na san ba haka ba ne.

Danginsa sun ce sammu ne, an yi ruƙiyya an sha rubutu, wasu kuma su ce ƙarancin tawakkali, alhali mutumin nan ba ya wasa da sallah. Wata ƙawata nas ta ce ciwon damuwa ne kuma yana da magani, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke nan Bauchi. Ranar da na ɗan taɓo masa zancen, cewa ya yi ashe mahaukaci na ɗauke shi, ya daina cin abincina har sai da na ba shi haƙuri.

Anti ya zan ɓullo masa ya yarda ya ga likita ba tare da ya ji na tozarta shi ba? In sa babban yayansa a maganar ko limamin unguwarmu, ko hakan tona masa asiri ne? Kuma ni kaɗai zan iya fara zuwa in yi wa likitan bayani? Don nima yanzu barcin ya fara gagarata, ga yara sun fara tsoron babansu.

Nagode, Allah Ya saka da alheri.